"Daji ba ya son allura": Tsoron da ke hana matan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa sanin gaskiyar ƙullutun mama

A garuruwa da ƙauyukan kudancin Jihar Katsina, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, akwai wata magana da aka gada tun kaka da kakanni, wai daji ba ya son allura. Yarinya za ta ji ƙullutu a mamanta wajen wanka, ta yi makonni tana ɓoyewa. Ranar da ta daure ta faɗa wa innarta ko yayarta, gargaɗin farko da za ta ji shi ne kada ta yarda a taɓa shi da ƙarfe, don in aka soka masa allura fusata zai yi ya bazu.

Sai dai a asibiti, allurar nan da ake gudu ita ce hanya mafi sauƙi da arha ta tantance ko ƙullutun daji ne ko ba daji ba ne. Ba magani ake zubawa da ita ba. Ɗan samfur ake zuƙowa daga cikin ƙullutun, a kai ɗakin gwaji a duba.

Ga matan ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda zuwa babban asibiti ke nufin kuɗin mota da kwana a wani gari da fargabar 'yan bindiga a hanya, wannan gwaji yana raba abubuwa biyu masu nauyi. Wata zai cire mata zullumin da take fama da shi a banza. Wata kuma zai sa a kama dajinta tun yana ƙarami, kafin ya fashe.

Ba kowane ƙullutu ne daji ba

Abu na farko da ya kamata kowace mace ta sani shi ne mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a maman 'yan mata da matasan mata ba daji ba ne.

Wanda ya fi yawa shi ne wanda likitoci ke kira faibroadinoma, kuma ya fi fitowa tsakanin shekara 15 zuwa 35. Yana da santsi da ɗan tauri kamar roba, girmansa daga ƙwayar gyaɗa zuwa ƙwan zabo, yawanci ba ya ciwo, kuma in aka danna shi sai ya zille ƙarƙashin yatsa. Saboda wannan zillewa ne likitocin Ingila suka yi masa laƙabi da ɓeran mama. Wani yana nan yadda yake shekara da shekaru, wani ya ƙanƙance da kansa, wani kuma ya ƙara girma lokacin goyon ciki.

Akwai kuma ƙullutun da ruwa ne kawai ya taru a cikin 'yar jaka, da gudaje-gudajen da ke tasowa gab da al'ada su lafa bayanta. Mai shayarwa kan samu toshewar hanyar nono, ko nono ya taru ya daskare wuri guda, ko ƙurji mai zafi da zazzaɓi da mugunya. Jefi-jefi ma tarin fuka kan kama mama, ya fito da kamannin daji.

To amma ƙuruciya ba kariya ba ce. Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, sun kiyasta cewa a 2022 mata sama da 32,000 ne suka kamu da dajin mama a Najeriya, sama da 16,000 kuma suka rasu sanadiyyarsa. Shi ne dajin da ya fi kowane yawa a ƙasar. A Turai da Amurka mafi yawan masu kamuwa sun haura shekara 50. A Najeriya kuwa, binciken asibitocin koyarwa ya sha nuna cewa masu shekara 40 da 'yan kai ne suka fi yawa, da 'yan ƙasa da 40 masu dama, kuma mafi yawansu sai cutar ta kai mataki na 3 ko na 4 suke isa asibiti.

Mace mai ciki ko mai goyo ita ta fi saurin faɗawa tarko, domin duk abin da ta ji a mamanta za a ce nono ne ya taru. Akwai kuma wani ƙari da ake kira filodis, wanda a hannu bai da maraba da ɓeran mama, amma yana girma da sauri, kuma wani nau'insa daji ne. Shi ya sa hannu kaɗai, ko na ƙwararren likita ne, ba ya yanke hukunci.

Matakai uku kafin a yanke hukunci

Tsarin da likitocin duniya suka amince da shi yana da ƙafa uku, kamar murhu.

Na farko, likita ko ma'aikaciyar jinya ta duba mama biyun da hammata da hannu, ta yi tambayoyi: yaushe ya fito, yana girma ko a'a, akwai wadda ta taɓa yin dajin mama a dangi?

Na biyu, hoto. Ga matasan mata, sikanin irin wanda ake yi wa masu ciki ya fi amfani. Hoton mamogiram da ake yawan ambatawa a rediyo ya fi dacewa da masu shekara 40 zuwa sama, saboda tsokar maman matashiya a cushe take, hoton ba ya ratsa ta sosai. Sikanin kan nuna nan take ko ruwa ne a ciki ko tsoka.

Na uku, ɗaukar samfur da allura. In matakan uku suka yi daidai da juna, da wuya a yi kuskure. In ɗaya ya saɓa wa sauran, ba a sallamar mace, sai an sake bincike.

Ba kowace yarinya ce ma ke buƙatar allurar ba. A Ingila, alal misali, in yarinya ba ta kai shekara 25 ba, kuma dubawa da hoto duk sun nuna ƙaramin ɓeran mama ne ba tare da wata alamar shakka ba, ana iya barin sa a ci gaba da lura. Amma likita ne ke yanke wannan shawara bayan hoto. Ba a yanke ta a tsakar gida ko a kantin sayar da magani.

Allurar iri biyu ce

Gwajin ba sabon abu ba ne. Tun a 1930 wasu masana biyu a asibitin Memorial da ke birnin New York, Hayes Martin da Edward Ellis, suka wallafa yadda suke gano daji ta hanyar zuƙo samfur da allura. Daga baya likitocin asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin suka inganta dabarar a shekarun 1950 da 1960, ta bazu a duniya.

Nau'in farko shi ne siririyar allura, wadda za ki ga an rubuta FNAC a takardar asibiti. Ba ta fi allurar da ake ɗibar jini da ita kauri ba, sau da yawa ma ta fi ta siranta. Likita zai riƙe ƙullutun da yatsu, ya soka, ya ɗan motsa allurar, ya zuƙo ƙwayoyin halitta, ya shafa su a kan 'yan gilasai. Cikin 'yan mintuna an gama, babu yanka, babu ɗinki. In ƙullutun ruwa ne, sau da yawa nan take yake sacewa, gwaji ya zama magani. Haka ma ƙurjin mai shayarwa, ana iya zuƙe mugunyar da allura maimakon a tsaga mama.

Raunin siririyar allura shi ne ƙwayoyi warwatse take kawowa, ba tsoka ba. Wani lokaci abin da aka samo ba ya isa a karanta, musamman in hannun mai ɗauka bai saba ba. Ba ta kuma iya nuna ko dajin yana nan cikin bututun nono ko ya fara kutsawa tsokar da ke kewaye.

Nau'i na biyu allura ce mai ɗan kauri, wadda ake yawan kira da sunan Tru-Cut. Ana fara yin allurar kashe zafi, sannan a saka ta, za ki ji ƙara kamar ta maɓallin biro, ta gutsuro tsoka siririya kamar tsinken ashana. Ana ɗaukar guda uku ko huɗu, a rufe wurin da filasta. Ita ce yanzu likitoci suka fi so in ana zargin daji, domin da wannan tsoka ake gane irin dajin. Akwai wanda sinadarin jikin mace ke ciyarwa, wanda ƙwayar tamoxifen ke yi wa aiki. Akwai mai alamar HER2, wanda ke da nasa maganin na musamman. Akwai kuma wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin alamomin, wanda bincike ya nuna ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, kuma kemo ne babban makaminsa. Ba tare da wannan bayani ba, magani ya zama lalube cikin duhu.

Bayan kowanne daga cikin biyun, abin da aka fi gani shi ne ɗan tsami da taruwar jini ƙarƙashin fata na 'yan kwanaki. Mai ciki da mai shayarwa duk ana yi musu.

Me takardar sakamako ke nufi?

Asibitoci da dama na rubuta sakamakon siririyar allura da harafin C da lamba 1 zuwa 5, na mai kauri kuma da harafin B.

Lamba 1 na nufin samfurin bai isa ba, ko ba a samo ainihin ƙullutun ba. Nan ne mata da yawa ke ruɗuwa, su koma gida da murnar ba a ga komai ba, alhali ma'anarsa a sake gwajin. Lamba 2 na nufin ba daji ba ne. Lamba 3 na nufin akwai ɗan abin da bai kwanta wa mai dubawa ba, ko da yake ya fi kama da mara illa. Lamba 4 zargi ne mai ƙarfi. Lamba 5 daji ne tabbas. Duk mai lamba 3 ko 4 tana buƙatar ƙarin gwaji, ba jira ba.

Shin allura na watsa daji?

An bi diddigin mata masu ɗimbin yawa da aka yi wa wannan gwaji a ƙasashe daban-daban tsawon shekaru, ba a ga cewa yana rage musu damar warkewa ba. Yiwuwar ƙwayar daji ta bi sawun allura ta tsiro abu ne mai matuƙar wuya, kuma tiyata da gashin da ake yi daga baya kan haɗa da wurin.

To daga ina maganar ta samo asali? Ruwa ba ya tsami banza. Mace ce za ta zauna da ƙullutu shekara ɗaya ko biyu, ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai ya kumbura fata ta yi sheƙi sannan a kai ta asibiti. A ɗauki samfur yau, bayan makonni ya fashe, kamar yadda da ma yake shirin yi. Dangi su ce allurar ce. Sai labari ya zaga gari, ta gaba ta ƙara jinkiri, ita ma ta je a makare, maganar ta ƙara samun gindin zama.

Akwai kuma abin da iyayenmu suka gani da idonsu, wato sakiya. In wanzami ya huda ƙullutun daji da zaton ƙurji ne, mugunya ba ta fitowa, sai gyambon da ba ya warkewa. Gaskiyarsu ce da suka tsorata da wannan. Amma tsaga fata da aska ko ƙarfe mai zafi daban, siririyar allura mai tsabta da ramin da take bari ke rufewa cikin kwana ɗaya ko biyu daban.

Haɗarin a cire a yar

Wani abin da likitocin daji ke kokawa da shi a faɗin Najeriya shi ne cire ƙullutu a ƙaramin asibiti a jefar, ba tare da an kai shi ɗakin gwaji ba. Mace za ta koma gida da ɗinki tana hamdala, bayan wata shida ko shekara abu ya dawo, har da kaluluwa a hammata. A lokacin babu wanda ya san abin da aka cire, kuma an riga an ɓata tsarin da ya kamata a bi.

Gwajin allura kafin wuƙa yana hana wannan. In ba daji ba ne, budurwa na iya tsira daga tiyatar da ba ta buƙata da tabon da za ta ɗauka zuwa ɗakin miji. In daji ne, likita zai tsara aikin tun farko: ko a fara da kemo ya ƙanƙance, ko a cire shi da tsokar da ke kewaye a duba hammata a aiki ɗaya. Wadda aka kama nata da wuri, ba lallai ba ne a cire mata mama gaba ɗaya. Cire mama da ake tsoro, jinkiri ne ya fi jawo shi.

In kuwa dole sai an cire ƙullutu, haƙƙin mara lafiya ne a saka shi a kwalbar sinadarin fomalin a aika gwaji, komai ƙanƙantarsa, komai ƙuruciyarta.

Nisan da ke tsakanin allura da amsa

Soka allurar ba shi ne mai wuya ba. Mai karanta samfurin ne ke da wuyar samu. Ƙwararrun likitocin binciken tsoka kaɗan ne a Najeriya, kuma mafi yawansu suna manyan asibitocin koyarwa. Ga mutanen wannan yanki, hakan na nufin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, ko na Malam Aminu Kano.

Mace daga Damari ko Maibakko a Sabuwa sai ta biyo ta Ɗandume ta fito Funtuwa, sannan ta kama hanyar Zariya, wadda ta fi mata kusa da babban birnin jiharta. Ta Yankara ko Sheme a Faskari za ta bi titin Gusau zuwa Funtuwa. Ta Pauwa ko Ketare a Ƙanƙara za ta zaɓa tsakanin hanyar Dutsin-ma zuwa Katsina da ta Malumfashi zuwa Kano. Ba ita kaɗai za ta je ba, sai da ɗan rakiya, kuɗin mota ya ninka. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne: ranar ganin likita daban, ranar hoto daban, ranar ɗaukar samfur daban, ranar karɓar sakamako daban, wanda na tsoka kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ko fiye.

Duk wannan a yankin da ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga. A Ƙanƙara ne aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a Disambar 2020. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, na tsawon watanni, lokacin da ko sakamakon gwaji ba za a iya sanar da mutum ta waya ba. Iyalin da aka raba da gonarsu ko suka sayar da shanu suka biya kuɗin fansa, ƙullutun da ba ya ciwo ba ya shiga lissafinsu. A nan ne illar take, domin dajin mama a farkonsa yawanci ba ya ciwo.

Sai kuma kunya. Budurwa na tsoron a ji a fasa aurenta. Matar aure sai ta nemi izini da kuɗi, kuma sau da yawa ba ta son namiji ya duba ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin yaƙi da dajin mama da ta ƙaddamar a 2021, ta sa ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun tana mataki na 1 ko na 2, a kammala dubawa da hoto da gwajin samfur cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, sannan kashi 80 cikin 100 su kammala magani. Hukumar ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 na masu cutar kan rayu shekara biyar bayan ganowa, a Indiya kashi 66, a Afirka ta Kudu kashi 40. Cutar ɗaya ce, lokacin ganowa da samun magani ne suka bambanta.

Samfur ya yi tafiya, mace ta zauna

A Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tare da irinta a Enugu da Benin. Asibitin Shika kuma yana cikin waɗanda aka fara shirin asusun tallafa wa marasa galihu masu ciwon daji da su, wanda ya haɗa da dajin mama. Amma gashi da kemo da tallafi duk na wadda aka tabbatar tana da cutar ne. Takardar sakamakon gwaji ce ke buɗe ƙofar.

Saboda haka tambayar da ke gaban hukumomin lafiya na jihar ita ce yadda za a kusanto da gwajin. Ba sai an kai ƙwararren mai karanta tsoka kowace ƙaramar hukuma ba. Likitan babban asibitin Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi na iya samun horon ɗaukar samfur, a ware rana guda a mako, mota ta kwashi samfuran zuwa Katsina ko Shika, sakamako ya dawo ta waya. Yankin ya riga ya saba da irin wannan tsari wajen aika majinar masu tarin fuka zuwa inda injin gwaji yake.

Akwai ƙa'idojin da dole a kiyaye. Tsoka na buƙatar shiga fomalin cikin awa guda da cire ta, kuma don gwajin irin dajin ya inganta, ana so a sarrafa ta kafin ta wuce awa 72 a ciki. Ma'ana, ranar ɗaukar samfur ta kasance jajibirin tafiyar mota. Gilasan siririyar allura kuwa, in an busar ko an tsoma su a sinadari yadda ya kamata, suna jure doguwar tafiya, abin da ya sa har yanzu take da amfani a wurare masu nisa. Sai kuma rajista mai lambar wayar mara lafiya da ta wani ɗan uwanta, da ma'aikaciyar da aikinta ne ta bi sawun duk wadda ba ta dawo ba. Horar da ungozomomi da ma'aikatan lafiya mata su iya dubawa su tura da wuri zai rage matsalar kunya.

Abin da ya kamata ki yi

In kin ji ƙullutu, kuma al'ada ta zo ta wuce yana nan, ki je asibiti ko da ba ya ciwo. Kada ki jira ko kwana ɗaya in yana girma da sauri, ko ya manne ba ya motsi, ko fatar wurin ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan mama ya shige ciki, ko jini na fita, ko kin ji kaluluwa a hammata. Mai shayarwar da aka ba maganin ƙurji ta shanye bai baje ba, ta koma ta nemi hoto.

A gaban likita, ki tambaya: Likita, za a yi mini hoto? Ina buƙatar gwajin allura kafin tiyata? Ina za a kai samfurin, yaushe zan karɓi sakamako? In an ba ki takardar, ki nemi a fassara miki lambar da ke jiki, ki ɗauki hotonta a waya, ki adana ta.

Iyaye da mazaje kuma, yarinyar da ta daure ta buɗe baki ta riga ta yi mai wuyar. Abin da ya rage a kansu shi ne kuɗin mota da rakiya, da komawa ranar da aka ce a zo a karɓi sakamako.